Lisinopril ko Losartan: Wanne Ya Fi Dacewa da Mai Hawan Jini a Kano?

Gwaggona da ke Yakasai ta shafe kusan wata huɗu tana tari. Busasshen tari ne, babu majina babu zazzaɓi, irin mai ƙaiƙayin maƙogwaro da ke tasowa da zarar mutum ya kai haƙarƙarinsa ƙasa. Da farko hunturu aka ɗora wa laifi, har hunturun ya wuce tarin yana nan. An sha zuma da lemon tsami, an dafa citta da kanumfari, an sayo ruwan maganin tari kwalba bayan kwalba, daga ƙarshe aka kai ta gwajin tarin fuka, sakamako ya nuna ba shi ba ne. Ranar da na je gaishe ta, tana magana tari yana katse ta, sai na ce, "Gwaggo, a miƙo min ledar magungunanki in duba." Ina buɗewa na ga lisinopril.

"Tun yaushe aka ɗora ki a kan wannan?"

"Ai ɗan nan, bai fi wata biyar ba. Shi ne na hawan jinin, kuma wallahi yana min aiki."

Gaskiya ta faɗa, jininta ya sauka. Na roƙe ta kada ta daina sha da kanta, ta koma wurin likitanta ta gaya masa lokacin da tarin ya fara. Ya canza mata zuwa losartan, kafin mako uku tari ya ɗauke.

Aikina harhaɗa magunguna, kuma da wuya mako ya wuce ban ji tambayar nan ba: Malam, lisinopril da losartan wanne ya fi? Wani maƙwabcinsa ne ya yaba masa ɗaya, wani kuma tsada ce ta sa yake son komawa ɗayan. Amsar ba ta fitowa sai mutum ya san hanyar da magungunan biyu suke tarewa a jiki, domin hanya ɗaya ce, wurin tarewar ne ya bambanta, kuma kusan duk bambancinsu daga nan ya samo asali.

A ƙoda abin yake farawa. Ban da tace fitsari, ƙoda tana gadin matsin jini dare da rana. A bangon ƙananan jijiyoyin da ke shigar da jini cikin matatunta akwai wasu ƙwayoyin halitta da ke jin ƙarfin jinin da ke wucewa. Idan ya yi rauni, ko gishirin da ke isowa ya yi ƙaranci, sai su saki wani sinadari da ake kira renin. Renin enzayim ne, wato irin sinadarin da aikinsa yanka ko sauya wasu sinadarai ba tare da shi ya ƙare ba. Robert Tigerstedt da ɗalibinsa Per Bergman ne suka gano shi a Sitokholm ta ƙasar Suwidin a 1898, lokacin da suka tatso ruwan ƙodar zomo suka yi wa wani zomon allura da shi, suka ga jininsa ya hau.

Ita kuwa hanta kullum tana zuba wani dogon furotin cikin jini mai suna anjiyotensinojin. Ka ɗauke shi kamar bandir ɗin yadi a Kantin Kwari: yana jibge, amma ba ya suturta kowa sai an yanka. Renin ne ke yin yankan farko, ya fitar da guntu mai amino asid 10 (ƙananan tubalan da ake gina furotin da su), a ce kamu goma, wanda ake kira anjiyotensin na ɗaya. Wannan guntun ba shi da wani ƙarfi. Sai ya bi jini ya isa wurin tela, wato wani enzayim da ake taƙaita sunansa da ACE, wanda ke manne a bangon jijiyoyin jini, ya fi yawa kuma a na huhu. Telan ya datse kamu biyu, ya bar takwas. Wannan mai amino asid 8 shi ne anjiyotensin na biyu, homon ɗin, wato sinadarin da ke kai saƙo ga sassan jiki ta cikin jini, da duk maganar take kansa. Yana matse jijiyoyi su ƙuntata. Yana umartar wata 'yar halitta da ke zaune a saman ƙoda ta saki aldosteron, homon da ke sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa ta zubar da fotasiyam, wani ma'adini da ke cikin jini. Yana tayar da ƙishirwa. Idan kuma ya shekara yana yawa, yana kaurara bangon zuciya ya bar tabo a ƙoda.

Tsarin nan rahama ne tun asali. Mai turin ruwa da ya yini cikin ranar Afrilu gumi na tsiyaya, ko macen da ta zubar da jini wajen haihuwa, wannan sarƙar ce ke riƙe musu jini kada ya faɗi warwas. Matsalar tana zuwa ne idan ta ƙi lafawa bayan buƙata ta wuce.

Magungunan da sunansu ke ƙarewa da "pril", irin su lisinopril, captopril, enalapril, ramipril da perindopril, almakashin telan suke ƙwacewa. Guntu mai kamu goma ya iso, babu mai datse shi, anjiyotensin na biyu ya ragu, jijiyoyi su saki. Asalinsu daga dafin maciji ne. A 1965 wani masani ɗan Brazil, Sérgio Ferreira, ya bayyana wani sinadari a dafin macijin ƙasarsu mai suna jararaka, wanda daga baya aka gane cewa wannan enzayim ɗin yake hanawa aiki. Kan wannan ne Miguel Ondetti da David Cushman suka gina captopril, aka amince da shi a Amurka a 1981.

Tarin Gwaggo daga nan ya fito. Telan nan yana da aiki na biyu: shi ne ke wargaza wani sinadari mai suna biradikinin, wanda ke buɗe jijiyoyi yana kuma tsokanar jijiyoyin ji na maƙogwaro da huhu. Ka ƙwace almakashi, ka tsayar da aiki biyu a lokaci guda. Biradikinin ya taru, ya taimaka wajen saukar da jini, amma ya kawo tari ga kusan mutum 1 cikin 10 na masu shan maganin, kuma mata sun fi maza fama da shi. Ruwan maganin tari ba ya taɓa shi. Yana iya farawa a makon farko, yana iya jira sai bayan watanni, abin da ke sa mutane ba sa alaƙanta shi da ƙwayar. Bayan an daina, yawanci yakan tafi cikin mako ɗaya zuwa huɗu, wani lokaci ya kai wata uku. A gari irin namu, inda ƙura da hayaƙin adaidaita sahu suka isa a zarge su da kowane tari, mutum na iya ɓarnatar da kuɗi masu yawa kafin a waiwayi ledar maganinsa.

Akwai abin da ya fi tarin tayar min da hankali. Taruwar biradikinin takan kumbura leɓe, harshe, fuska ko maƙogwaro farat ɗaya, babu ƙaiƙayi babu borin jini. Ba ya kai mutum 1 cikin 100, amma ya fi afkawa baƙar fata nesa ba kusa ba, kuma yana iya zuwa bayan mutum ya shekara yana shan maganin lafiya ƙalau. Idan harshe ya kumbura ko murya ta shaƙe, ba maganar kemis ba ce, ba kuma ta jiran gari ya waye ba. Sashen gaggawa na asibiti mafi kusa za a nufa, a riƙe kwalin maganin a hannu. Wanda hakan ta taɓa samu ya yi bankwana da duk dangin pril har abada, ya kuma riƙa faɗa wa kowane likita da zai rubuta masa magani.

Dangin "sartan", wato losartan, valsartan, telmisartan, candesartan da sauransu, ba ruwansu da tela. Sukan bar shi ya yi yankansa, su je su toshe ƙofar da anjiyotensin na biyu yake ƙwanƙwasawa a jikin jijiya da zuciya da ƙoda. Homon yana nan cikin jini, amma bai sami mai buɗe masa ba. Losartan ne ɗan farinsu, an amince da shi a 1995. Tunda telan yana ci gaba da share biradikinin, tari ba ya zuwa sai nadiran, kumburin fuska ma ya yi ƙasa sosai. Suna da wata fa'idar kuma a ka'ida. A 1990 an gano cewa zuciyar ɗan Adam tana da wani enzayim mai suna kaimes, wanda shi ma yake iya fitar da anjiyotensin na biyu ba tare da ACE ba, kamar wani telan a lungu da pril bai san da zamansa ba. Wanda ya tsare ƙofa bai damu da wane tela ya yi ɗinkin ba.

Mai karatu zai zaci wannan na nufin sartan ya fi ƙarfi. A aikace ba haka aka gani ba. Babban gwajin da aka kira ONTARGET, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2008, ya gwada telmisartan da ramipril a kan mutum sama da 25,000 masu haɗarin ciwon zuciya, aka tarar kunnen doki suka yi wajen kare su daga bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da mutuwa, sai dai masu telmisartan sun fi ƙarancin tari da kumburi. Gwajin ya kuma nuna cewa haɗa su biyun bai ƙara kariya ba, lahanin ƙoda da faɗuwar jini kawai ya ƙara. Ina nanata wannan saboda na sha ganin leda ɗaya da lisinopril da losartan a ciki: an rubuta ɗaya a wani asibiti, an rubuta ɗayan a wani, mara lafiya yana haɗiye duka.

Yanzu ga maganar da ta fi kowacce muhimmanci gare mu, wadda masu tambayata ba sa zato. Ga Bahaushe ko Bafulatanin da hawan jini kaɗai ke damunsa, babu ciwon suga, babu ciwon ƙoda ko na zuciya, sau da yawa ba lisinopril ba ne ya kamata ya zama maganin farko, ba kuma losartan ba. Yawancin baƙar fata masu hawan jini renin ɗinsu ƙasa yake. Jikinsu gishiri da ruwa yake riƙewa, ƙoda kuma ta ga ruwa ya wadata ta rage sakin renin. Toshe hanyar da dama can ba ta da cunkoso ba ya rage komai sosai. Shi ya sa amlodipine, wanda ke sassauta naman bangon jijiya kai tsaye, da magungunan sa fitsari irin su hydrochlorothiazide, suka fi saukar da jininmu idan ɗaya tal za a sha.

Wannan ba ji-ta-ji-ta ba ce, a kanmu aka gwada. Gwajin CREOLE, wanda Dokta Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta aka wallafa a 2019, ya ɗauki mutum 728 baƙar fata a ƙasashe shida na Afirka, ciki har da Nijeriya, kuma cikin masu binciken akwai Farfesa Mahmoud Sani na Jami'ar Bayero. An raba su uku: wasu amlodipine da hydrochlorothiazide, wasu amlodipine da perindopril, wasu perindopril da hydrochlorothiazide. Bayan wata shida, rukuni biyun da ke da amlodipine sun fi na ukun saukar lambar sama ta awon jini da kusan maki 3. Maki 3 kamar ba komai ba ne a katin mutum ɗaya, amma a jama'ar gari guda yana nufin gidaje da yawa da ba za su yi jinyar shanyewar ɓarin jiki ba. Shirin yaƙi da hawan jini da aka fara a asibitocin matakin farko na jihohin Kano da Ogun a 2020 ma tsarinsa ke nan: a fara da amlodipine, idan bai wadatar ba a ƙara losartan, sannan a ɗaga adadinsu, sannan a kawo maganin fitsari. Wato pril da sartan a wurinmu abokan tafiya ne na ƙwarai, har ma sukan rage kumburin ƙafar da amlodipine ke jawo wa wasu.

Inda suke zama dole shi ne idan akwai ciwon suga da furotin ya fara fita a fitsari, ko ciwon ƙoda mai daɗewa, ko zuciyar da ta raunana, ko bayan bugun zuciya. Dalilin ƙodar ya cancanci a tsaya a kansa. Kowace 'yar matata a ƙoda tana da jijiyar shiga da jijiyar fita, kuma anjiyotensin na biyu ta fitar ya fi matsewa. Kamar mai ban ruwa ne ya danne bakin tiyo da yatsa: matsi ya taru a ciki, matatar ta riƙa aiki da ƙarfin tsiya har ta fara yoyon furotin ta lalace. Pril da sartan duka suna ɗage yatsan nan, matsi ya ragu, matatar ta daɗe. A nan kowanne aka samu ya yi. A raunin zuciya kuwa dangin pril sun fi tsohon tarihi, tun gwajin enalapril na 1987 da ya nuna raguwar mace-mace, don haka likitocin zuciya da yawa da su suke farawa, sai tari ya hana su koma valsartan ko candesartan.

Ɗage yatsan nan shi ne kuma haɗarinsu, kuma a nan abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Ranar da jiki ya bushe, matsin nan ne ke sa ƙoda ta ci gaba da tacewa. Mai shan ɗayansu da amai da gudawa suka kama shi, ya ci gaba da haɗiyar ƙwayarsa, ya ƙara da diclofenac ko ibuprofen ko piroxicam saboda ciwon jiki, alhali kuma yana kan maganin fitsari, ya haɗa wa ƙodarsa abubuwa uku da za su iya tsayar da ita cikin 'yan kwanaki. Magungunan ciwon jikin nan jijiyar shiga suke ƙuntatawa, pril ko sartan ya saki ta fita, maganin fitsari ya rage ruwan. Wannan haɗin yana ba ni tsoro domin duk a kemis ɗin unguwa ake samunsu, kuma dattawanmu masu ciwon gwiwa su ne masu hawan jinin. Idan gudawa ko amai ya yi tsanani, a nemi likita a ranar, domin yawanci yakan ce a dakatar da ƙwayar har mutum ya koma ci da sha. Haka idan azumi ya faɗo cikin bazara, lokacin da zafin Kano ke kai maki 40, a zauna da likita tun cikin Sha'aban a tsara lokacin sha.

Dukansu kuma suna ɗaga fotasiyam, tunda sun rage aldosteron mai zubar da shi, kuma yawansa na iya rikita bugawar zuciya ba tare da gargaɗi ba. Shi ya sa ake gwajin ƙoda da na fotasiyam kafin a fara, a maimaita bayan mako ɗaya ko biyu, da duk lokacin da aka ƙara adadi. Ɗan hawan kiriyatinin (sinadarin da ake aunawa a jini don sanin aikin ƙoda) da bai wuce kashi 30 cikin 100 ba abu ne da likitoci ke sa rai da shi. Mai shan spironolactone, wanda shi aldosteron ɗin kansa yake tarewa kuma ake ƙara shi idan jini ya gagari magani uku, ya fi kowa buƙatar gwajin nan. A yi hattara da gishirin da ake tallatawa wai na masu hawan jini, don yawanci da fotasiyam aka maye sodiyam ɗinsa. Kanwa kuma akasin haka ce, mafi yawanta sodiyam ne, don haka lissafinta ɗaya da gishiri da magi da yajin tsire. Hukumar Lafiya ta Duniya ƙasa da giram 5 na gishiri ta ce a yini, kusan ƙaramin cokalin shayi guda, kuma rage gishiri yana ƙara wa pril da sartan kaifi a jikinmu, domin ragewar ce ke farkar da hanyar renin ɗin da suke tarewa.

Mai ciki ba ta shan ko ɗaya daga cikinsu. Suna lalata ƙodar ɗan tayi, ruwan mahaifa ya ƙafe, har a iya rasa cikin. Matar da ke shekarun haihuwa kuma ba ta kan tsarin tazara ta faɗa wa likita tun kafin ya ɗora biro a takarda, kuma ranar da ta ga batan wata ta garzaya a canza mata zuwa methyldopa ko labetalol ko nifedipine. Ga mai shayarwa kuwa pril ya sha gaba, domin enalapril da captopril an daɗe da sanin kaɗan ne ƙwarai ke shiga nono, abin da ke da amfani a nan Arewa inda raunin zuciyar bayan haihuwa ya yawaita.

A cikin kowane gida ma akwai bambanci. Captopril sau biyu ko uku ake sha a yini, kuma abinci na rage shigarsa jiki, lisinopril kuwa sau ɗaya ne. Telmisartan ya fi daɗewa a jiki, yana riƙe jini har wayewar gari, losartan kuma yana da wata baiwa ta kansa: yana rage yurik asid, don haka ya dace da mai ciwon gaɓɓan da wannan sinadari ke haddasawa. A farashi, galibi lisinopril ya fi sauƙi, losartan na biye, telmisartan da valsartan sun fi tsada, kuma wannan ba ƙaramin ma'auni ba ne ga maganin da za a sha har ƙarshen rayuwa. Ƙwaya mai araha da ake sha kullum ta fi mai tsada da ake sha rabin wata. A duba lambar rajistar NAFDAC a kwali, a kuma karanta sunan da kyau, domin wanda aka ƙara wa harafin H yawanci yana ɗauke da hydrochlorothiazide a ciki, kada a sha shi sau biyu ba a sani ba.

Idan ɗan'uwana ne zai fara yau, amlodipine bai ishe shi ba ana neman na ƙari, ni losartan ko ɗan gidansu zan so a ba shi. Amfaninsu kusan ɗaya da na pril, ga shi an huta da tari, an kuma rage haɗarin kumburin da mu baƙar fata muka fi kowa fuskanta. Idan kuwa mutum ya shekara biyar a kan lisinopril, awonsa na ƙasa da 140 bisa 90, ba tari, gwajin ƙodarsa lafiya, ban ga dalilin taɓa shi ba, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Mai raunin zuciya da mai shayarwa su bar zaɓin a hannun likitan da ke duba su, kada su yi mamaki idan pril ya rubuta. Wanda aljihu ya matsa wa ya faɗa wa likita ƙarara, lisinopril da amlodipine haɗi ne mai kyau muddin ya san alamomin nan biyu, tari da kumburi.

Gwaggo yanzu losartan take sha da safe, an kuma ƙara mata amlodipine da awonta ya ɗan hau bayan Sallah. Jikarta ce ke rubuta mata lambobin a bayan wani littafin makaranta duk Juma'a, ni kuma na ɗauke diclofenac ɗin da na tarar a ledar, na bar mata paracetamol da man shafawa saboda gwiwa. Gwajin ƙodarta na gaba a watan Rajab ne.